Kwalbar Surukina

Duk shekara ana turo mana matasa ɗakin awo na jami'a su koyi aiki, kuma duk shekara buƙatarsu ɗaya ce, a ba su madubin awo su leƙa. Sun ga farar riga da safar hannu, sun ɗauka aikin ke nan. Ni kuwa nakan miƙa musu bokiti da burushi in nuna musu famfo. Wasu sukan yi fushi, wasu ba sa dawowa. Saboda waɗanda suke dawowa na zauna na rubuta wannan, don su san abin da suke nema kafin su same shi. Sunana Sanusi. Aikina shi ne in karɓi fitsari da bayan gida daga hannun mutane, in kai ɗakin awo, in duba ko akwai ƙwan tsutsa a ciki. Haka aikin yake, ba ni da wani suna mai daɗi da zan sa masa.

Aikin farko da aka ba ni wankin gilashi ne. A wani asibiti a nan Gusau na fara, bayan na gama sakandare, a hannun wani dattijo da muke kira Baba Sule. Ƙananan gilasan da ake ɗora abin awo a kansu, su nake wankewa daga safe har a tashi. Akwai tsari. Na farko a jiƙa su cikin ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Na biyu a wanke da sabulu, ɗaya bayan ɗaya. Na uku a ɗauraye har sai santsi ya fita. Na huɗu a jingina su a tsaye su bushe da kansu, ba a goge su da tsumma, domin zaren tsumma idan ya shiga ƙarƙashin madubi kamar tsutsa yake, sai ka rubuta wa mai lafiya cuta. Baba Sule yakan ɗauki ɗaya ya ɗaga ta wajen taga. Idan ya ga shatin yatsa ba ya faɗa, sai ya juye duka cikin bokiti ya tafi abinsa.

Bayan wanki ya koya mini lamba. Ana rubuta lamba a jikin kwalba ne, ba a kan murfi ba, domin murfi yana sauya gida. Bayan lamba ya koya mini karɓa. Kwalba daga hannun mai ita take zuwa hannunka, ba a aiko da ita. Idan ta iso ka kira sunan mutum ya amsa, ka duba lamba, ka murɗa murfi ka tabbata ya rufu, ka ɗaga ta sama ka ga launi, sannan ka sa a kula mai ƙanƙara. Sai da na iya waɗannan duka ya bar ni na zauna gaban madubi, wato na'urar da ake leƙawa a ga abin da ido ba ya gani. Da aka buɗe jami'a na koma can da wannan tsari, ban rage komai ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa: madubi, injin juyi da ke wulwula kwalba har abin da ke ciki ya kwanta a ƙasa, ɗan bututun da ake tsotso abin da ya kwanta, gilasai, kula da ƙanƙara, da kwalabe masu faɗin baki. Cutar da na fi yi wa aiki ita ce tsargiya, fitsarin jini. Daga ruwan gulbi da tafki ake ɗaukarta. Ƙwanta a madubi dogo ne, da 'yar ƙaya a gindi, wanda ya gan shi sau ɗaya ba ya mantawa. Kuma tana da lokaci. Daga hantsi zuwa azahar ƙwan ya fi fitowa, kuma a ɗigon ƙarshe ya fi taruwa. Wanda ya kawo maka fitsarin asuba ya ɓata maka kwalba.

Aiki a makarantar firamare shi ne mai sauƙi. Na yi shi a Tsafe, na yi a Kwatarkwashi, na yi a Wanke. Hedimasta zai jera yara, a sa su zagaya fili da gudu, a ba kowa kwalba, su tafi bayan aji suna dariya. Abin lura a nan ɗaya ne, mai yawa yakan sam wa abokinsa. Idan ka ga kwalabe uku a jere launinsu ɗaya sak, ka mai da su. Manya su ne aiki. Magidanci mai gemu ba ya son ya riƙo fitsarinsa a hannu ya ratso jama'a. Wasu ma ba su ɗauki jinin cuta ba, suna cewa alamar balaga ce, kowa ya yi da ƙuruciya. Sai ka zauna da mutum ka yi masa bayani, kai kana kallon ƙasa shi yana kallon ƙasa, har ya karɓa.

Yanzu in zo kan mummunar shekarar, shekarar korona.

Akwai wata malama a sashenmu, Malama Rukayya, tana neman digiri na uku. Bincikenta a kan manoman rani ne masu yini a cikin ruwa, maza da mata. Ta zaɓi ƙauyuka biyu, ɗaya a ƙasar Tsafe, ɗaya a bakin gulbi bayan Bungudu. Tsarin aikin shi ne a auna mutane, a ba masu cutar magani, sannan a dawo a sake auna mutanen nan dai kafin ruwan sama ya sauka. Idan damina ta faɗi gulbi ya kawo, ba za a ƙara sanin wanda magani bai yi wa aiki ba da wanda ya sake ɗaukar sabuwa. Awo na biyun nan shi ne binciken. Idan babu shi, na farko ba shi da amfani.

Ƙauyen na Bungudu ƙauyen matata ne. Ba zan faɗi sunansa ba. Mahaifinta manomin rani ne, kuma dattijon unguwa, yana cikin waɗanda aka rubuta. Tun ranar da aka zaɓi garin na sami Malama na gaya mata, ta ce ta fahimta. Muka raba aiki: ni na ɗauki Tsafe, abokin aikina Danladi, mutumin Zuru, ya ɗauki Bungudu. Haka aka yi awo na farko lafiya. A gidan surukaina an san ina aiki a ɗakin awo na jami'a. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da ake aunawa, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Ga wanda ya tashi a birni bai sani ba, in gaya masa yadda muke da surukina. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa furta sunansa ba, ko a bayan idonsa. Daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in gaishe shi idona a ƙasa. Shi ma ba ya kiran sunana, Malam yake cewa. Ga shi matata 'yar fari ce, har ta tara 'ya'ya bai taɓa kiran sunanta ba. Amma yana fitowa zaure idan na je, a shimfiɗa tabarma, ya tambaye ni labarin birni da farashin taki, in tambaye shi ruwa da albasa. Wannan zaman yana jin daɗinsa, ni ma haka.

Sai aka rufe makarantu, aka sa wa ƙofar jami'a kwaɗo. Danladi ya tafi gida ganin iyalinsa, aka rufe iyakar jihohi yana can. Ƙauyen Tsafe kuma tun kafin kulle mutanensa suka fara watsewa saboda rashin tsaro, waɗanda muka auna rabinsu ba a san inda suka koma ba. Wannan ɓangare ya tafi. Saura Bungudu. Azumi ya kama, zafi ya kai inda ya kai, kuma hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma.

Malama ta kira ni a waya. Ta ce farfesan da ke duba aikinta ya gaya mata gaskiya, idan damina ta riga ta, sai dai ta nemi sabon gari ta fara daga farko. Mace ce mai 'ya'ya huɗu, ta riga ta zuba shekaru a wannan aiki. Ta ce ta sami takardar izinin wucewa daga hukumar lafiya, shugaban sashe kuma ya yarda a buɗe mana mu ɗauki kaya. Ba ta ambaci Danladi ba, ba ta ambaci surukina ba. Ta ce dai in yi tunani.

Ɗaukar kaya shi ne aikin farko. Mai gadi ya buɗe mana, muka shiga ɗakin awo mun tarar da ƙura da gizo-gizo, ba wuta. Sababbin madubai duk da lantarki suke aiki, saboda haka na sauko da wani tsoho daga saman kabad, mai ɗan madubin fuska a ƙasa da ake juyawa ya kamo hasken rana. Na ɗauki injin juyi na hannu wanda ɗalibai suke yi wa dariya. Mijin Malama ya fitar da motarsa daga gareji ya bar mana garejin. Muka sa tebur a bakin ƙofar garejin inda rana take shigowa, muka haƙa rami a bayan gida don zubar da abin da aka gama aunawa. Nan ya zama ɗakin awon jami'a a wannan shekara.

Da na gaya wa matata inda za ni, sai ta ce in gaida Inna, mahaifiyarta. Sauran kuma ta ce kada in ba ta labari.

Ina da dabara a raina. Matata tana da ƙane, Lawali, magidanci ne mai mata biyu, abokin wasana. Na shirya cewa idan an zo kan kwalbar Baba, wato surukina, zan karya tsarina sau ɗaya, in ba Lawali ya kai masa a ɓoye ya karɓo a ɓoye, ni in juya baya. Da wannan na kwantar da hankalina muka kama hanya, Malama tana tuƙi, ni ina baya da kula, kowa da takunkumi a fuska.

Da muka shiga garin sai muka ga kamar an share shi. Matan da ke bakin rijiya suka bar guga suka shige. Maza suka zame ta bayan shinge suka nufi fadama. Muka tsaya ƙarƙashin wata tsamiya muna jira, har Lawali ya zo a kan babur. Ya leƙa fuskata, ya gane ni, ya kwashe da dariya.

"Yaya, kai ne cikin wanga takunkumi kamar jakin da ke cin dawa? Ina Danladi mai kwalba?"

Na ce Danladi yana Zuru, ni ne a madadinsa. Dariyar ta tsaya. Ya sauka daga babur ya gaya mana abin da ake ciki. Labari ya zagaya cewa masu farar riga suna yawo da kwalabe, duk wanda ya bayar za a ce yana da korona, a zo da mota a tafi da shi Gusau a killace, idan ya mutu ba a ba da gawa. Ya ce ko shi da kansa ba zai iya shawo kan mutum ɗaya ba. Mutum ɗaya ne a garin idan ya ce a yi za a yi, kuma na san shi.

Malama ta dubi gabas, ta dube ni. Ta ce, "Malam Sanusi, na san abin da nake roƙo. Idan ba za ka iya ba ka faɗa, mu juya, ba zan riƙe ka da komai ba."

Na cire farar riga na ninke, na bi Lawali.

Baba yana zaure da carbi. Na cire takalmi, na durƙusa daga nesa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi azumi. Da gaisuwa ta ƙare ya ce lafiya dai da tsakar rana haka. Na ce aikin nan ne da Danladi yake zuwa yi. Ya ce ya san shi. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Kai ne yanzu?"

"Ni ne, Baba."

Ya daɗe yana kallon ƙofa. Sannan ya yi mini tambaya uku a jere. Ya ce awon korona ne? Na ce a'a, na tsargiya ne, irin na bara. Ya ce akwai wanda za a ɗauka a mota? Na ce babu, ko mutum ɗaya. Ya ce idan ba a yi ba, mi zai sami yarinyar da ke cikin mota? Na ce aikinta na shekaru zai zube. Ya ce mu dawo gobe da hantsi.

Washegari muka tarar da maza a ƙofar gidansa, sun tsaya nesa-nesa, wasu da fartanya a kafaɗa kamar masu shirin wucewa. Baba yana zaune a kan buzu. Na ajiye tebur, na jera kwalabe bisa lamba, na sa safar hannu. Wani mai suna Na'Allah ya ce daga bayan taro, su fa ba sa ba da komai ga mutumin da ba su ga fuskarsa ba. Aka yi guna-guni. Baba bai dube ni ba, ya ce, "Malam, cire ƙyallen su ga ko wane ne."

Takunkumin nan shi ne kaɗai abin da ya rage mini na sutura a ranar. Na dubi Malama, ta ce in ja da baya kaɗan in cire. Na cire. Na ji ana cewa ashe surukin gidan ne, ashe mijin wance ne. Wani ya ce dama aikin da yake yi a birni ke nan.

Baba ya ce in gaya musu yadda ake yi.

Wannan bayani na yi shi a gaban dubban mutane, ina iya yin sa ina barci. Ranar nan sai da na nemo kowace kalma. Na ce kowa zai karɓi kwalba mai lambarsa. Na ce zai ɗan taka da sauri kafin ya zagaya. Na ce ba na farko ake so ba, na ƙarshe ake so.

"Ɗaga murya," in ji Baba. "Na baya ba su jiya ba. Na ƙarshen mi?"

Na ɗaga murya. A ƙofar gidan da na auro 'yar fari, a gaban mahaifinta, da matan gidan suna ji ta bayan zana, na ce ɗigon ƙarshe na fitsari ake so, mutum ya matse har ya ƙare, ya rufe da kyau ya kawo mini a hannuna. Wani ya yi dariya ya haɗiye. Lawali, wanda bai taɓa barin wata dama ta tsokanata ta wuce ba, ya juya ya fuskanci bango.

Na gama, ba wanda ya motsa. Na'Allah ya ce bayani ya yi kyau, amma ai ko bara ba a ce za a rufe kasuwa ba, ga shi an rufe. Mutanen baya suka fara zamewa. Malama tana tsaye gefen mota ta riƙe littafinta da hannu biyu.

Sai Baba ya dafa sanda ya miƙe. Ya tako har gaban tebur ya miƙo hannu.

"Ba ni tawa."

Na ɗauko, na miƙa da hannu biyu. Ya shiga gida. Tsoho ne, ga azumi, ga zafi, saboda haka ya daɗe. Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya tafi, kowa ya san abin da ake jira. Ni ina tsaye ina kallon kwalabe. Da ya fito, Lawali ya yi sauri ya tare shi zai karɓa, kamar yadda na roƙe shi a ɓoye. Baba ya kauce masa.

"Ba kai anka aiko ba. Cewa ya yi a hannunsa."

Ya ratso mutane da ita a fili, bai ɓoye a aljihu ba, bai rufe da hannun riga ba. Ya miƙo mini. Da ɗuminta na karɓa.

Abin da ke biye a tsari shi ne in kira sunan mutum ya amsa. Na buɗe baki, na rufe. Malama ta matso za ta kira, Baba ya riga ta. Ya faɗi sunansa da kansa da ƙarfi, sunan da ban taɓa furtawa ba kuma ba zan rubuta a nan ba, ya ce shi ne, a duba lamba. Na duba, daidai take. Na murɗa murfi. Na ɗaga ta sama wajen haske, a gaban duk garin, domin haka ake yi. Abin da na gani ba na kowa ba ne. Na sa a kula na rufe.

Baba ya juya ga mutane ya ce ga shi nan, idan mota ta zo da shi za ta fara. Ya shige gida, bai koma kan buzunsa ba.

Na'Allah ne ya fara matsowa. Ya ce a ba shi tasa, amma fa shi da azumi ba ya alkawarin cikawa. Na ce ko rabi ya isa. Daga nan layi ya kama. Wasu sun sha wahala kafin su samu, wasu sai da muka dawo musu washegari. Malama ta shiga cikin gida wajen mata, Inna ta tara mata su. Kwalaben mata ita ta fito da su da kanta a kula dabam, ba ta taɓa bari na san wacce ce ta wa ba, kuma na gode mata.

A hanyar dawowa wani ɗan sanda ya tsayar da mu a shinge, ya ƙi kallon takarda, ya ce sai an buɗe kula ya ga ko abinci muke safara. Malama ta gaya masa abin da ke ciki. Ya ja da baya ya ce mu wuce, Allah ya ba da lada.

Aikin gareji shi ne mafi tsawo. Fitsari ba ya jira, idan ya kwana ƙwan yana ƙyanƙyashewa ko ya lalace, saboda haka abin da aka karɓa a yau, yau ake dubawa kafin rana ta faɗi, tunda ita ce fitilarmu. Ina juya injin da hannu har kafaɗa ta yi tsami, in tsotso abin da ya kwanta, in ɗiga a gilashi, in leƙa, in ƙirga, in faɗa, Malama ta rubuta. Idan rana ta gusa mu ja tebur mu bi ta. 'Ya'yanta suna leƙowa ta taga tana korarsu. Ba ruwa a baki, ga wari, ga zafin kwano. Bisa lamba nake tafiya, ba na tsallake.

Da na iso lambar Baba na juya injin, na ɗiga a gilashi, na ɗora, sannan na tashi daga kujera na fita waje. Malama ta zauna ta leƙa, ta rubuta, ta buɗe wani shafi, sannan ta kira ni mu ci gaba. Sakamakon kowa ita ta kai masa da kanta, da magani ga wanda yake buƙata. Ban tambaye ta nasa ba, ba ta faɗa mini ba.

Mun gama mutum na ƙarshe, ba a daɗe ba ruwan farko ya sauka, gulbi ya kawo. Ba a ɗauki kowa a mota ba. Malama ta rubuta aikinta a gida cikin sauran kullen, tana aika wa farfesa ta waya. Da aka buɗe makarantu ta kare shi, yanzu Dakta ake ce mata, kuma saboda abin da ta gano ana zuwa garin ana raba magani. A garin kuwa sunana ya sauya. Ko yau idan na sauka daga mota sai wani ya ce, Malam, ka zo da kwalba ko mu wuce? Lawali ya sa wa wani ragonsa sunana, wai saboda yawan shinshine-shinshine. Wannan duk mai sauƙi ne.

Da sallar shekarar ta zo na shirya na tafi gaisuwa kamar kullum. Na cire takalmi a inda nake cirewa, na shiga zaure. An shimfiɗa tabarma, an ajiye ruwa da fura, amma babu kowa. Na zauna ina jira. Can na ji takun sanda ya zo ya tsaya a bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida. Na durƙusa na yi gaisuwa, ya amsa daga can. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Aikin yarinyar nan ya yi?"

"Ya yi, Baba."

"To, madalla."

Na ji sandar ta juya ta koma ciki.

Dakta Rukayya ta so ta je ta yi masa godiya da kanta, ya aiko Lawali ya ce ba sai ta zo ba, ya yafe. Ni kuwa ban daina zuwa ba, duk sallah da duk wata hidima. Kullum ana shimfiɗa mini tabarma, kullum da fura. Yakan zo bayan zana ya tambayi yara, ya tambayi aiki, wani lokaci har farashin taki. Ni kuma in durƙusa a inda ba ya ganina, in amsa.